Malam, ina salla amma ji nake kamar Allah ya juya mini baya

Wani bawan Allah daga unguwar Zariya nan cikin Maraɗi ya aiko mini da tambaya, ya roƙi in sakaya sunansa. Ga ta a taƙaice: "Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina ɗauko kaya daga Kano da Katsina. Tun da aka rufe iyaka a 2023 jarina ya karye, bashi ya hau kaina. Damanar 2024 ruwa ya kayar mini da ɗaki biyu. Ban gama gyara ba zazzaɓi ya ɗauke ɗiyata ƴar shekara uku. Ban bar salla ba, amma in na ɗaga hannu sai in ji kamar da bango nake magana. Wasu sun ce zunubina ne, wasu sun ce hannu aka sa mini. Ta yaya zan gane Allah yana tare da ni?"

Ƙanena, kafin komai, ya haƙuri? Allah ya jiƙan yarinya, ya sa mai ceto ce, ya sanyaya zuciyarka da ta mahaifiyarta. Na san tun ranar da aka kai ta makwanci kunnenka ya cika da "sai haƙuri" da "komai nisan dare gari zai waye". Masu faɗa ba su yi ƙarya ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka ba zan ƙara maka wani karin magana a kan waɗanda ka tara ba. Tambaya ka yi, amsa zan ba ka gwargwadon abin da na karanta da abin da na gani a shekarun da na yi ina zama da masu makoki.

Inda na ga ka yi kuskuren awo shi ne ka ɗauki abin da zuciyarka take ji ka mayar da shi ma'aunin kusancin Allah. Ka yi jinyar mai zazzaɓi, ka sani: ko zuma ka sa masa a baki ɗaci zai ce maka. Zumar tana nan yadda take, harshen ne ya kamu. Baƙin ciki mai nauyi haka yake yi wa zuciya, yana ɗauke mata ɗanɗanon ibada na wani lokaci. Ɗanɗanon nan kyauta ce, yana zuwa yana tafiya, kuma babu malamin fiƙihun da ya lissafa shi cikin sharuɗɗan salla. Mutumin da ya tashi da asuba, ya yi alwala da ruwan sanyi, ya tsaya gaban Ubangijinsa alhali ba ya jin komai sai nauyi a ƙirji, ni a wurina sallarsa ta fi nuna gaskiyar bauta a kan ta wanda shagonsa ke cike, ƴaƴansa na lafiya, hawayen daɗi na zubo masa a sujada. Sannan ka tambayi kanka, wa yake tashinka? Mutane nawa ka sani da abin da bai kai rabin naka ba ya raba su da masallaci?

Abin da kake ji ya taɓa wanda ya fi mu duka. Akwai lokacin da wahayi ya yi jinkiri ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har mushrikan Makka suka fara cewa Ubangijinsa ya yashe shi. Sai Suratud Duha ta sauka: "Ubangijinka bai yi maka bankwana ba, kuma bai ƙi ka ba." Ka haddace ta tun kana makarantar allo, amma yanzu nake so ka sake dubanta da idon babba. Bayan wannan rantsuwa da alkawari, Allah mayar da shi baya ya yi, ya ce ya tuna: ashe bai same ka maraya ba ya ba ka mafaka, bai same ka kana neman hanya ba ya shiryar da kai, bai same ka da rashi ba ya wadata ka? Wato in yau ta yi duhu har ba ka ganin hannun Allah a cikinta, jiya za ka duba. Wannan ita ce hanyar da Alƙur'ani da kansa ya koyar, kuma a kanta zan dawo.

Malamai sun ce kasancewar Allah tare da bayi iri biyu ce. Akwai ta kowa da kowa, ta sani da gani da iko, wadda Suratul Hadid ta ce "Yana tare da ku duk inda kuke." Wannan ko Fir'auna bai fita daga cikinta ba. Akwai kuma ta musamman, ta kulawa da tallafi, kamar a Baƙara aya ta 153, "Lalle Allah yana tare da masu haƙuri." Ka lura da wuraren da aka furta wannan ta biyun. Annabi ya ce wa Sayyidina Abubakar "kada ka yi baƙin ciki, Allah yana tare da mu" suna cikin kogon Sauru, masu neman ransu na tsaye a bakin kogon. Annabi Musa ya ce "a'a, Ubangijina yana tare da ni, zai shiryar da ni" teku na gabansa, rundunar Fir'auna na bayansa, mutanensa na cewa an kama mu. Duka biyun an faɗe su ne kafin mafita ta bayyana. Da a ce alamar Allah yana tare da bawa ita ce wahala ta wuce, da sai bayan an isa Madina, ko bayan an haye teku, za a yi maganar.

Yanzu batun zunubi. Ba zan ɓoye maka ba, akwai aya a Suratush Shura da ta ce abin da ya same ku na musiba daga abin da hannayenku suka aikata ne, kuma yana yafe da yawa. Masu ce maka zunubinka ne da ita suke kafa hujja, in ma sun san ta. Amma Alƙur'ani ba aya ɗaya ba ne. A Suratul Fajri, aya ta 15 da 16, Allah ya kawo mutumin da in an yalwata masa sai ya ce Ubangijina ya girmama ni, in an ƙuntata masa arziki sai ya ce Ubangijina ya wulaƙanta ni, sai aya ta gaba ta buɗe da "Kalla", wato sam ba haka ba ne. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya tambayi Annabi su wa suka fi shan jarrabawa, ya ce annabawa, sannan waɗanda suka fi kama da su, sannan na bayansu. Shi kansa Manzon Allah ƴaƴa bakwai ya haifa, shida ya binne da ransa, Nana Faɗima kaɗai ta rage, ita ma wata shida ta yi bayansa. A shekara ta goma da aiko shi ya rasa Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalib, ya tafi Ɗa'ifa aka jefe shi har jini ya zuba. Wane zunubi za a jingina masa? Ka yi istigfari, wannan kuwa kowa na buƙata, Annabin ma yana yin fiye da saba'in a yini. In ka san akwai haƙƙin wani a kanka, ko ka taɓa tauye mudu, ka gyara. Amma wanda ya zauna a fada yana kurɓar shayi yana yanke hukuncin dalilin mutuwar ɗiyar wani, ya shiga gaibun da ba a ba shi mabuɗinsa ba, kuma shi ya fi ka buƙatar tuba.

Maganar an sa maka hannu ba zan daɗe a kanta ba. Sihiri gaskiya ne akwai shi. Sai dai iyakar da aka rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba kai kaɗai ta rufe wa ba, daga Ɗan Isa har Jibiya manyan motoci suka yi layi, kaya suka lalace, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, gari duka ya ji a jikinsa. Ruwan 2024 gidajen ƙasa da yawa ya kwantar a garin nan, har da rayuka. Sauro kuma kowace damana sai ya shiga gidajen salihai da na fasiƙai. Na ga mutane da dama da suka kai wa boka ragowar jarinsu, abin da suka dawo da shi kawai shi ne sunan wata gwaggo ko wani abokin kasuwa da za su ƙulla gaba da shi. Hadisin Muslim ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ka riƙe Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu safe da yamma, ka bar kuɗinka a aljihu.

To, ina ake ganin kulawar? Akwai sunan Allah guda da nake so ka zauna da shi kwanakin nan, Al-Laɗifu, mai luɗufi, wanda alherinsa ke isowa ta hanyar da ba a jin motsinta. Annabi Yusuf ne ya ambace shi a ƙarshen ƙissarsa, aya ta 100, bayan rijiya da bauta da ƙazafi da kurkuku: "Lalle Ubangijina mai luɗufi ne ga abin da ya so." Ba a hana a jefa shi rijiya ba, amma ayari ya biyo ta wurin. Ba a hana a sayar da shi ba, amma gidan da ya faɗa an ce a kyautata masa. Ba a hana kurkuku ba, amma a ciki ya haɗu da wanda zai ambace shi gaban sarki. Luɗufin a cikin wahalar yake tafiya, kafaɗa da kafaɗa da ita, shi ya sa mai jiran sai ta wuce kafin ya gan shi yakan yi ta jira.

Ga abin da nake so ka yi, kuma da gaske nake, ba wa'azi ba ne. Bayan isha'i ka samu takarda ka koma baya kamar yadda Suratud Duha ta koyar. Ranar da ɗakunan suka faɗi, wa ke ciki, wa ya fita? A gidan wa iyalinka suka kwana daren nan? Lokacin da ciniki ya tsaya, wa ya aiko da tiya biyu ta hatsi bai ce a faɗa maka sunansa ba? Cikin masu binka bashi, wa ya haɗu da kai a kasuwa ya gaishe ka bai tayar da maganar ba? Wane ɗan kabu-kabu ne ya kai ku likita da tsakar dare? Ranar rasuwa wa ya haƙa kabari, wa ya kawo likkafani, wace maƙwabciya ce ta ɗora tukunya kwana uku ba a roƙe ta ba? Mu Hausawa mun saba da waɗannan abubuwa har mun daina ganinsu, muna cewa ai zumunci ne, ai al'ada ce. Wa ya sa tausayin a zuciyar mai yin? Allah ba ya aiko mala'ika da buhun shinkafa a ka, maƙwabci yake turowa.

Akwai hadisi ƙudusi a Sahihu Muslim da nake karanta wa duk mai jinya. Ranar alƙiyama Allah zai ce, ya ɗan Adam, na yi rashin lafiya ba ka gaishe ni ba. Bawa ya ce ya Ubangiji, ta yaya zan gaishe ka alhali kai ne Ubangijin talikai? Ya ce, ba ka san bawana wane ya yi ciwo ba ka je duba shi ba? Da ka je, da ka same ni a wurinsa. Ka auna wannan da dararen da ka yi a bakin gadon ɗiyarka kana taɓa goshinta. A lokacin kana ganin ku kaɗai ne da ledar ƙarin ruwa. Hadisin nan ya gaya maka wanda yake wurin.

Abin da ba zan yi ba shi ne in ce maka ga hikimar da ta sa aka ɗauke ta. Ban yarda da malamin da ke da bayanin kowace musiba a aljihu ba. Annabi Musa, da girmansa, ya ga an huda jirgin talakawa ya kasa yin shiru, sai daga baya aka gaya masa akwai sarki a gaba da ke ƙwace duk jirgi mai lafiya. Wani lokaci bayanin yana zuwa a duniya. Tsofaffin garin nan sun ba mu labarin ambaliyar gulbi ta 1945 da ta cinye tsohon Maraɗi a cikin fadama, aka hauro tudu aka sake gari, wanda yau muke kasuwanci a cikinsa. Wani lokacin kuma ba ya zuwa sai an tsaya gaban Allah. Rashin ɗa yana cikin wannan kashi na biyu, kuma abin da aka ba mu a kansa alkawari ne: Tirmizi ya ruwaito cewa in bawa ya rasa ɗansa ya gode wa Allah ya yi istirja'i, wato ya ce "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", Allah yana cewa a gina masa gida a Aljanna a sa masa suna gidan godiya.

Kada wani ya ce maka kuka rashin tawakkali ne. Annabi Yaƙuba ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, da aka yi masa magana ya ce "ni ga Allah kaɗai nake kai ƙarar damuwata da baƙin cikina." Da Ibrahim ɗan Annabi yake cikawa a hannunsa, idanun Manzon Allah suka zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ko tambayar "sai yaushe?" ba ta fitar da mutum daga imani. Baƙara aya ta 214 ta ce an girgiza waɗanda suka gabata har manzo da muminan da ke tare da shi suka ce yaushe taimakon Allah zai zo. Ka kai masa ƙarar da harshenka na Hausa, a sujadar nafila ko bayan sallama, ka gaya masa har wannan bushewar da kake ji. Hadisin Abu Sa'id da Ahmad ya ruwaito ya ce addu'ar musulmi, matuƙar babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta, ɗayan uku ake yi mata: a ba shi nan take, ko a ajiye masa sai lahira, ko a tunkuɗe masa wani sharri kwatankwacinta. Biyu daga cikin ukun ido ba ya ganinsu.

Abu ɗaya da na san yana cin iyaye a ɓoye shi ne "da na sani": da na kai ta likita tun ranar farko, da ban tsaya maganin gida ba. Annabi ya ce kalmar "da" tana buɗe wa shaiɗan aiki, a ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so ya aikata. Darasin ka ɗauka domin ƙannenta da yayyenta, gidan sauro, da maganin rigakafin da ake rabawa yara ƙanana gida gida da damana, da saurin zuwa likita in jiki ya yi zafi. Hukuncin kuma ka bar shi, ajali ba a hannunka yake ba. Sannan ka duba mahaifiyarta. Kai kana fita, kana zama cikin maza, ita tana ɗaki da tufafin yarinyar da ɗan kwanon cin abincinta. Ka koya mata addu'ar da Annabi ya koya wa Ummu Salama, "Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha," ku riƙa yi tare. Mai yiwuwa kulawar da take roƙon Allah ya nuna mata ta hannunka aka rubuta za ta zo.

Bashin kuma kada ka zauna kana kallonsa. Mutanenmu na cewa wai Allah ya ce tashi in taimake ka. Wannan ba aya ba ce, ba kuma hadisi ba, kada ka ji an faɗa ka ɗauka nassi ne, amma ma'anar tana da asali. Nana Maryam tana cikin naƙuda, har ta ce ina ma na mutu kafin wannan, aka ce mata ta girgiza kututturen dabino. Mace mai naƙuda ina ita ina girgiza dabino? Duk da haka sai da aka ce ta miƙa hannu. Kai ma ka je wurin masu binka ɗaya bayan ɗaya, kafin su zo, ka gaya musu gaskiyar halinka, a rubuta abin da ya rage da yadda za ka riƙa biya ko jika biyu biyu ne. Baƙara aya ta 280 ta wajabta musu saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Kuma wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da Suratut Tauba aya ta 60 ta ce a ba zakka. Alhazan garin nan da yawa sun fi son raba zakkarsu dala ɗari ɗari a ƙofar gida jama'a na gani, alhali fitar da ɗan kasuwa ɗaya daga bashi ya fi kusa da abin da ayar take nufi. Karɓarta ba bara ba ce, haƙƙinka ne.

In kuma ka ga makonni suna wucewa ba barci, abinci ba ya shiga, ko zuciya ta fara raya maka gara mutuwa, to ka gaya wa wani na kusa da kai a ranar, ku je likita. Wannan ciwo ne mai magani kamar hawan jini, kuma Annabi ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Na sha raka mutane da kaina, ban ga imanin ko ɗaya ya ragu don ya sha ƙwaya ba.

Ka ce zuciyarka ta bushe. Kai ɗan Maraɗi ne, ko ba ka noma kana da gona a dangi. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 gonakin yankin nan sun zama fili fetal, kowa ya ɗauka itatuwan sun mutu. Ashe saiwoyin na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara suna tofo, manoma na sare tohon da sunan sharar gona. Da aka fara abin da muke kira sassaben zamani, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture a bar su, a datse sauran, sai ga gawo da kalgo da sabara sun dawo, har masu bincike na ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 a ƙasar nan. Ba a dasa sabo ba, na ƙasan aka daina sarewa. Salloli biyar ɗin da ba ka bari ba su ne tohon. Kada ka sare su don ba su yi inuwa ba tukuna, kada kuma ka ɗora wa kanka nafilfili da wuridai masu yawa yanzu. Farilla cikin jam'i, Suratud Duha da Alam Nashraha a hankali kana jin ma'anarsu, da addu'ar da Anas ya ce Annabi yana yawan yi ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Wannan ya ishe ka zuwa wani lokaci.

Ranar Alhamis bayan la'asar ba ni da karatu, ina zaure. Ka zo da takardu biyu, wadda na ce ka rubuta bayan isha'i da ta lissafin bashin. Ta farko kai za ka karanta mini. Ta biyun mu duba tare, akwai mutum biyu cikin masu fitar da zakka da nake jin za su saurare ni. Ka gaida mai ɗakinka, ka ce mata uwargidana za ta shigo yi mata gaisuwa.